Birjiniya: Yadda Taba, Bauta da 'Yanci Suka Tashi a Gida Ɗaya

Tambaya: Na karanta cewa 'yan jihar Birjiniya ne suka rubuta wa Amurka manyan takardun 'yancinta, na kuma karanta cewa a jihar ne masu yaƙin kare bauta suka kafa hedkwatarsu. Yaya aka yi jiha ɗaya ta zama duka biyun, kuma ina ta kwana a yau?

Amsa: Abubuwan nan biyu da ka karanta duk gaskiya ne, kuma tushensu ɗaya. Dukiyar da ta ba manyan Birjiniya sukunin yin karatu da zaman majalisa, har ta kai su ga tsayawa gaban Sarkin Ingila su ce ba su yarda ba, daga gandayen taba ta fito, gandayen nan kuwa bayi ne suke noma su. Wanda ya riƙe wannan zaren zai iya bin tarihin jihar tun daga 1607 har zuwa yau ba tare da ya ɓace ba, domin a kowane zamani tambayoyi biyu ne suke dawowa: da me jihar take ci, kuma su wa doka take ƙirgawa a cikin mutane.

A watan Mayun 1607 ne jiragen ruwa uku suka sauke Turawan Ingila 104, dukansu maza, a bakin wani kogi da suka raɗa wa sunan sarkinsu James, suka kafa ƙauyen Jamestown. Wani kamfani ne na 'yan kasuwar Landan ya turo su da fatan za su samo zinariya ko wata hanyar ruwa da za ta ɓulla Asiya. Sunan Birjiniya kuwa ya samo asali ne daga laƙabin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, wadda ba ta taɓa aure ba, ake ce mata sarauniya budurwa, wato "Virgin" da Turanci. Ƙasar da suka sauka tana da masu ita, domin wani babban sarki da Turawa suke kira Powhatan yana riƙe da ƙabilu wajen talatin a yankin, suna noman masara suna kai masa gaisuwa. Baƙin sun zaɓi fadama mai sauro da ruwa mai gishiri-gishiri, ga shi sun zo a shekarun fari, da yawansu kuma ba su taɓa riƙe fartanya ba. A hunturun 1609 zuwa 1610 yunwa ta kai su ga cin dawakinsu da karnuka da ɓeraye, kuma da jiragen agaji suka iso mutum wajen sittin kawai suka tarar da rai a cikin ganuwar.

Abin da ya ceci mazaunin shi ne taba. Wajen 1612 wani mai suna John Rolfe ya gwada shuka irin taba mai daɗin ƙamshi da aka samo daga yankin Karebiyan, kasuwar Landan kuma ta karɓe ta hannu bibbiyu. Shi ne dai ya auri Pocahontas, 'yar Powhatan, a 1614, auren da ya kawo 'yar lafawa ta wasu shekaru kafin ta rasu a Ingila a 1617. Cikin ɗan lokaci taba ta zama kuɗi a zahiri, da ita ake biyan haraji da tara, har albashin limaman coci da nauyin taba ake yanka shi. Sai dai taba shuka ce mai buƙatu biyu masu nauyi. Tana tsotse ƙarfin ƙasa cikin shekaru kaɗan, dole manomi ya riƙa share sabon daji, sannan tana son hannu da yawa tun daga rainon iri da dashe da cire tsutsa har zuwa shanya da ɗaurin ganye. Buƙata ta farko ita ta haddasa yaƙi da masu ƙasar. A 1622 Opechancanough, wanda ragamar mutanen Powhatan ta koma hannunsa, ya kai farmakin da ya hallaka Turawa 347 a rana ɗaya, shekara biyu bayan haka Sarkin Ingila ya soke izinin kamfanin ya mayar da Birjiniya ƙarƙashin mulkinsa kai tsaye. An sake gwabzawa a 1644, daga nan ƙarfin ƙabilun ya karye, aka tsuke su a 'yan keɓaɓɓun filaye. Buƙata ta biyu da farko an biya ta ne da talakawan Ingila, waɗanda ake biya wa kuɗin jirgi su yi ƙodago na shekara huɗu zuwa bakwai kafin su zama masu kansu, wanda ya biya kuɗin jirgin kuma a ba shi eka hamsin ta ƙasa kan kowane mutum da ya kawo. Ta wannan hanya mai kuɗi yake samun ƙasa da ma'aikata a ciniki ɗaya, kuma daga nan manyan gandaye suka fara.

Shekarar 1619 ita ce wadda nake so ka riƙe fiye da kowace. A ƙarshen Yulinta wakilan da mazauna suka zaɓa suka yi zamansu na farko a cikin cocin Jamestown, majalisar da ta zama ta farko irinta a yankunan Ingila na Amurka, kuma majalisar dokokin jihar ta yau daga gare ta take ƙirga shekarunta. A ƙarshen Agusta kuma wani jirgin 'yan fashin teku ya tsaya a wani wuri da ake kira Point Comfort ɗauke da 'yan Afirka ashirin da 'yan kai, waɗanda aka kamo daga ƙasar Angola ta yau, aka ƙwace su daga wani jirgin bayi na Fotugal, aka musanya su da abinci. Wata guda ne kacal tsakanin abubuwan biyu.

Bauta irin wadda aka san Amurka da ita ba a rana ɗaya ta tsaya da ƙafarta ba, majalisar nan ce ta gina ta doka bayan doka, kuma a nan ya kamata a ɗan tsaya. A shekarun farko akwai 'yan Afirka da suka fanshi kansu, irin su Anthony Johnson wanda ya mallaki eka 250 a gaɓar gabas wajen 1651. Amma tun a 1640 an ga inda aka dosa, lokacin da 'yan ƙodago uku suka gudu aka kamo su, Turawa biyun aka ƙara musu shekaru, baƙar fatar da ke cikinsu mai suna John Punch kuwa aka yanke masa yin aiki har mutuwa. A 1662 majalisa ta zartar cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa ne, idan baiwa ce shi ma bawa ne ko da ubangijinta ne ya haife shi. Wannan ya saɓa wa al'adar shari'ar Ingila, wadda take jingina ɗa ga uba. Mai karatu da ya san fiƙihun Malikiyya zai ga nisan abin nan take, domin a can ɗan da ubangiji ya haifa da ƙwarƙwararsa ɗa ne mai cin gado, ita ma uwar ba a sayar da ita, tana kuma samun 'yanci da mutuwarsa. A Birjiniya kuwa mutum yana iya haifar ɗa ya ƙirga shi cikin dukiyarsa. A 1667 aka ƙara da cewa shiga addinin Kirista ba ya 'yanta bawa, aka toshe wata ƙofar kuma. Sai tawayen 1676, inda wani matashin mai gandu, Nathaniel Bacon, ya tara talakawan Turawa da 'yan ƙodago da bayi, da sunan gwamna William Berkeley ya ƙi barinsu su ƙwace sauran ƙasar ƙabilu, suka ƙone Jamestown ƙurmus. Bacon ya mutu da atuni a shekarar, tawayen ya watse, amma manyan ƙasar sun ga abin da zai iya faruwa idan talaka fari da talaka baƙi suka haɗa kai. Masana suna da saɓani kan yawan tasirin tawayen, tunda a daidai lokacin 'yan ƙodagon Ingila sun fara ƙaranci, jiragen bayi kuma sun fara yawaita. Abin da ba a musu a kai shi ne, zuwa 1705 an tattara dokokin bauta wuri ɗaya, an mayar da bawa kadara, an kuma ba farin mutum mafi talauci wata daraja da baƙi ba zai taɓa kai wa gare ta ba.

A ƙarni na goma sha takwas jiragen bayi suka riƙa shigowa kogunan jihar, kuma kaso mai yawa na waɗanda aka kawo daga gaɓar Biyafara aka ɗebo su, wato kudu maso gabashin Najeriya ta yau, akasarinsu Ibo. An mayar da babban birni Williamsburg a 1699, kusa da Kwalejin William da Mary da aka kafa a 1693, kuma wasu 'yan gidaje masu auren junansu, irin su Carter da Lee da Randolph da Byrd, suka riƙe majalisa da kotunan gundumomi da kwamitocin coci. Suna da ƙasa da bayi, amma bashin 'yan kasuwar Birtaniya ya yi musu katutu, domin can ake sayar da tabarsu, can ake yanka mata farashi, daga can kuma suke sayo komai tun daga tufafi har littattafai. Ga shi a 1763 Sarki ya hana su ƙetare duwatsun Apalaciya su mallaki sabuwar ƙasa, alhali da yawansu sun riga sun zuba jari a can. Saboda haka lokacin da majalisar Landan ta fara ɗora haraji ba tare da shawararsu ba, ta taɓa mutanen da suka shekara kusan ɗari da hamsin suna yanka wa kansu haraji, kuma suke da tsohon ƙulli a zuci.

Rawar da suka taka a juyin juya halin ba ta da tamka. George Washington ne ya jagoranci rundunar yaƙi daga 1775. George Mason ya rubuta wa jihar sanarwar haƙƙoƙin ɗan Adam a Yunin 1776, Thomas Jefferson kuma ya tsara takardar shelar 'yancin Amurka wadda aka amince da ita ranar 4 ga Yuli, mai cewa an halicci dukan mutane daidai da juna. A ƙasar jihar aka kuma yi yaƙin da ya yanke hukunci, inda Janar Cornwallis na sojojin Birtaniya ya miƙa wuya a Yorktown ranar 19 ga Oktoban 1781, bayan sojojin Washington da na Faransa sun yi masa ƙawanya, jiragen Faransa kuma sun tare masa teku. Amma akwai wani gefen labarin. A Nuwamban 1775 gwamnan Sarki na ƙarshe, Lord Dunmore, ya yi shelar cewa duk bawan ɗan tawaye da ya gudo ya ɗauki makami a ɓangaren Sarki ya 'yantu, ɗaruruwa suka amsa kiran, kuma babu abin da ya tura masu gandun da suke ɗari-ɗari zuwa ga tawaye kamar wannan shela. Ga bawan Birjiniya a wancan lokaci, 'yanci a ɓangaren Ingila yake.

Bayan yaƙi jihar ta zartar da dokar 'yancin addini a 1786, wadda Jefferson ya rubuta, James Madison kuma ya yi mata jagora a majalisa, aka raba coci da baitulmali. Jefferson ya rubuta daga baya cewa an nufi dokar ta kare kowa, har ya ambaci Bayahude da Musulmi da Bahinde a cikin waɗanda yake nufi, kuma yana da fassarar Alƙur'ani ta Turanci da ya saya tun yana ɗalibin shari'a a 1765. Madison ne ƙashin bayan kundin tsarin mulkin 1787. A wannan kundi aka amince a ƙirga kashi uku cikin biyar na bayi wajen rabon kujerun majalisar wakilai, kuma babu jihar da ta ci moriyar wannan kamar Birjiniya, wadda ƙidayar 1790 ta nuna tana da mutane kusan dubu 750, fiye da kowace jiha, kusan dubu 293 daga cikinsu bayi. Ba abin mamaki ba ne da huɗu daga cikin shugabannin ƙasa biyar na farko suka zamo nata, wato Washington da Jefferson da Madison da James Monroe. Jimillar waɗanda aka haifa a jihar takwas ne, na ƙarshensu Woodrow Wilson, shi ya sa ake mata kirari da uwar shugabanni.

Akan ce kada a auna mutanen da da ma'aunin yau, amma a wannan batu ana iya auna su da ma'aunin maƙwabtansu. Dokar 1782 ta ba kowane ubangiji damar 'yanta bayinsa. Robert Carter na uku ya yi amfani da ita, daga 1791 ya fara sakin nasa fiye da 500. Washington ya bar wasiyyar a 'yanta waɗanda yake da iko a kansu. Jefferson kuwa, wanda ya mallaki mutane fiye da 600 a tsawon rayuwarsa, 'yan ƙalilan ya saki, sauran aka yi gwanjonsu bayan mutuwarsa a 1826 don biyan bashi, kuma yawancin masana tarihi sun yarda shi ne uban 'ya'yan baiwarsa Sally Hemings, waɗanda dokar 1662 ta sa aka haife su cikin bauta. A ganina ya san abin da yake daidai sarai, tunda ya rubuta shi da hannunsa, rayuwar da ya saba da ita ce ya kasa rabuwa da ita. Ƙofar ma ba ta daɗe a buɗe ba, domin a 1806 aka ce duk bawan da aka 'yanta ya bar jihar cikin shekara guda.

A wannan lokaci ƙasar gabashin jihar ta gaji, manoma da yawa sun koma alkama wadda ba ta buƙatar hannu kamar taba, mutane kuma suna ta ƙaura yamma, har yankin Kentucky ya rabu ya zama jiha a 1792. Sai ga auduga ta bunƙasa a jihohin kudu mai nisa irin su Alabama da Mississippi da Louisiana, a daidai lokacin da Amurka ta hana shigo da bayi daga waje a 1808. Nan take bawan Birjiniya ya zama haja. Dubban ɗaruruwan mutane aka sayar kudu kafin yaƙin basasa, wasu ta jirgin ruwa daga Alexandria da Norfolk zuwa New Orleans, wasu a ƙasa cikin mari, ana raba uwa da ɗa, miji da mata. Richmond, wanda ya zama babban birni tun 1780, ya zama kasuwar bayi mafi girma bayan New Orleans, da gidajen tsare mutane da ɗakunan gwanjo a unguwar Shockoe Bottom, 'yar tafiya kaɗan daga ginin majalisa. Wasu manyan jihar sun ga mafita a kwashe 'yantattun baƙaƙe a mayar da su Afirka, shi ya sa babban birnin Laberiya, Monrovia, yake ɗauke da sunan Monroe, shugabanta na farko kuma, Joseph Jenkins Roberts, haifaffen Norfolk ne.

Bayin ba su zauna shiru ba. A 1800 wani maƙeri mai suna Gabriel ya shirya kame Richmond, ruwan sama mai ƙarfi da tonon asiri suka ɓata shirin, aka rataye shi da mutanensa. A Agustan 1831 Nat Turner, bawa mai wa'azi, ya jagoranci tawaye a gundumar Southampton wanda ya hallaka fararen fata kusan sittin, aka rama kan baƙaƙe da yawa waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, shi kuma aka rataye shi a Nuwamba. Abin lura shi ne, a hunturun da ya biyo baya majalisar jihar ta yi muhawara a fili kan ko a kawar da bauta sannu a hankali, wakilan yammacin jihar, inda duwatsu suka hana manyan gandaye, suna goyon baya, na gabas suna adawa. Gabas ta yi nasara, aka ƙara tsananta dokoki, aka hana baƙar fata yin wa'azi. Wannan ce dama ta ƙarshe da jihar ta samu ta warware matsalar da kanta.

Da Abraham Lincoln ya ci zaɓen 1860 jihohin auduga suka ɓalle, Birjiniya ta yi jinkiri, har babban taronta ya ƙi ɓallewa a farkon Afrilun 1861. Amma bayan 'yan aware sun buɗe wuta a kan sansanin sojojin tarayya na Fort Sumter, Lincoln kuma ya nemi sojoji, taron ya juya ranar 17 ga Afrilu da ƙuri'a 88 da 55. Tana da bayi kusan dubu 490, fiye da kowace jiha, tana kuma da masana'antar ƙarfe ta Tredegar mai ƙera igwa, saboda haka 'yan aware suka ɗauko hedkwatarsu daga Alabama suka kawo Richmond, kilomita wajen 160 kacal daga Washington. Wannan kusanci ya mayar da jihar fagen fama na shekara huɗu, daga Manassas zuwa Fredericksburg da Chancellorsville da ƙawanyar Petersburg. Robert E. Lee, wanda aka yi wa tayin jagorantar sojojin tarayya ya ƙi, shi ya riƙe rundunar 'yan aware a can, gidan matarsa na Arlington kuma gwamnati ta mayar da shi maƙabartar sojoji. Gundumomin yamma suka ƙi bin gabas, suka zama jihar Birjiniya ta Yamma ranar 20 ga Yunin 1863. Tun a Mayun 1861 bayi uku suka tsere zuwa sansanin tarayya na Fort Monroe, kwamandan wurin, Benjamin Butler, ya ƙi mayar da su da hujjar cewa kayan yaƙin abokan gaba ne, daga nan dubbai suka kwararo. Sansanin nan a Point Comfort yake, daidai inda jirgin 1619 ya tsaya. Lee ya miƙa wuya ga Janar Grant na sojojin tarayya a Appomattox ranar 9 ga Afrilun 1865.

An mayar da jihar cikin tarayya a 1870 da sabon kundi wanda ya ba baƙaƙen maza ƙuri'a, ya kuma kafa makarantun gwamnati a karon farko. Akwai wani ɗan zamani da ba a cika ba shi haƙƙinsa ba, daga 1879 zuwa 1883, lokacin da wani tsohon janar na 'yan aware, William Mahone, ya haɗa baƙaƙe da talakawan fararen fata a jam'iyya ɗaya mai neman a rage tsohon bashin jihar a zuba kuɗin a makarantu. Sun ci zaɓe, sun soke harajin ƙuri'a da bulala a bainar jama'a, sun kafa kwalejin baƙaƙe kusa da Petersburg a 1882. An kayar da su ne da farfagandar launin fata da kisan da aka yi a Danville gab da zaɓen 1883. Daga nan masu riƙe da jihar suka ɗaura ɗamarar hana irin wannan haɗin kai sake faruwa, kuma kundin 1902 ya cika musu buri da harajin ƙuri'a da jarrabawar fahimtar kundi wadda magatakarda yake da ikon kayar da wanda ya ga dama. Ba su yarda sun kai kundin gaban jama'a ba, shelarsa kawai suka yi. Mafi yawan baƙaƙe suka rasa ƙuri'a, haka ma talakawan fararen fata masu yawa.

A kan wannan ƙaramin adadin masu zaɓe Harry F. Byrd, gwamna daga 1926 zuwa 1930, sanata daga 1933 zuwa 1965, ya gina gidan siyasar da ya riƙe jihar shekara arba'in, da aƙidar ƙin cin bashi da ƙarancin haraji da matse hannu kan makarantu. A 1924 aka yi dokar tsare tsarkin jinsi, wadda ta raba kowa gida biyu, fari ko mai launi, jami'in rajistar haihuwa Walter Plecker kuma ya yi amfani da ita ya goge sunan ƙabilun asali daga takardu. A shekarar ce kuma aka halatta yi wa waɗanda hukuma ta kira masu raunin hankali aikin hana haihuwa na dole, Kotun Ƙoli ta amince a 1927, dubbai suka sha wuƙa. Duk da haka baƙaƙen Richmond sun gina nasu, har Maggie Walker ta kafa banki a 1903.

Rushewar wannan gini daga wata yarinya 'yar shekara goma sha shida ta fara. A Afrilun 1951 Barbara Johns ta jagoranci ɗaliban makarantar baƙaƙe ta Moton da ke Farmville suka ƙaurace wa aji, saboda an cusa yara fiye da 450 a ginin da aka yi don 180, wasu a rumfunan katako masu yoyo. Ƙararsu tana cikin biyar da Kotun Ƙoli ta haɗa ta yanke a 1954 cewa raba makarantu bisa launi ya saɓa wa kundi. Byrd ya yi kiran a yi turjiya gaba ɗaya, a 1958 gwamna ya rufe makarantu a Norfolk da Charlottesville da gundumar Warren don kada a haɗa yara, har sai da kotuna suka hana a Janairun 1959. Gundumar Prince Edward, inda Farmville take, ta rufe dukan makarantunta na gwamnati daga 1959 zuwa 1964, 'ya'yan fararen fata suka koma makarantar kuɗi da tallafin hukuma, yaran baƙaƙe da yawa kuma suka yi shekara biyar ba aji. A 1966 Kotun Ƙoli ta soke harajin ƙuri'a a wata ƙara daga jihar, a 1967 kuma ta soke haramcin aure tsakanin fari da baƙi a ƙarar Richard da Mildred Loving, waɗanda aka kama a ɗakin kwanansu a 1958 don kawai sun yi aure.

Kotu ta buɗe ƙofa, amma abin da ya canja jihar ciki da bai shi ne hanyar cin abincinta. Jihar da ta yi yaƙi don ta rabu da gwamnatin tarayya, yau da gwamnatin tarayya take ci. An gama ginin Pentagon, hedkwatar ma'aikatar tsaron Amurka, a Arlington a 1943, hukumar leƙen asiri ta CIA tana Langley, sansanin sojojin ruwa mafi girma a duniya yana Norfolk, a Newport News kuma ake ƙera manyan jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen yaƙi. Ma'aikata da 'yan kwangila da baƙi daga Asiya da Latin Amurka da Afirka suka cika gundumomin Fairfax da Loudoun da Prince William, gonakin shanu suka zama unguwanni. A Loudoun ne aka fi ko'ina a duniya tara manyan ɗakunan adana bayanan intanet, waɗanda suke kawo haraji mai yawa, suke kuma shan wutar lantarki da cin fili har mazauna suna ƙorafi. A ɗaya gefen, garuruwan taba da masaƙu na kudancin jihar da na kwal a kudu maso yamma sun yi ta raguwa, kuma wannan rabuwa tsakanin birni da karkara ita ce take bayyana a kowane zaɓe.

A 1989 Douglas Wilder, jikan bayi, ya zama baƙar fata na farko da aka zaɓa gwamna a tarihin Amurka. Barack Obama ya ci jihar a 2008, abin da ɗan jam'iyyar Dimokurat bai yi ba tun 1964, amma kujerar gwamna tana ta yawo tsakanin jam'iyyun biyu, tunda kundin jihar bai yarda gwamna ya yi wa'adi biyu a jere ba. Rikicin tarihi kuma bai mutu ba. A Agustan 2017 masu aƙidar fifikon farar fata suka yi gangami a Charlottesville kan shirin cire mutum-mutumin Lee, ɗayansu ya kutsa mota cikin masu adawa da su ya kashe wata mata. An sauke katafaren mutum-mutumin Lee na Richmond, wanda yake tsaye tun 1890, a Satumban 2021, nasa da ke ginin majalisar tarayya kuma jihar ta zaɓi na Barbara Johns ya maye gurbinsa. A 2021 ɗin ta zama jihar kudu ta farko da ta soke hukuncin kisa, duk da cewa a tarihi babu jihar da ta kai ta zartar da shi. A zaɓen Nuwamban 2025 Abigail Spanberger ta zama mace ta farko da ta ci kujerar gwamna, Ghazala Hashmi, Musulma haifaffiyar Indiya, ta zama mataimakiyarta. Mutanen jihar sun haura miliyan takwas da dubu ɗari shida a ƙidayar 2020, kusan kashi ɗaya cikin biyar baƙaƙe.

Su kuwa masu ƙasar na asali, waɗanda Plecker ya ce babu su, suna nan. Gwamnatin tarayya ta amince da ƙabilar Pamunkey, ɗaya daga cikin ƙabilun da Powhatan ya mulka, a 2016, ta ƙara da wasu shida a 2018. Pamunkey da Mattaponi har yanzu suna zaune a filayen da aka keɓe musu tun ƙarni na goma sha bakwai, kuma kowace shekara a ƙarshen Nuwamba shugabanninsu sukan zo gidan gwamna a Richmond da barewa da suka harbo, su ajiye a ƙofa a madadin haraji, bisa yarjejeniyar da kakanninsu suka ƙulla da Sarkin Ingila a 1677.